Kuɗin Sallama a Kan Sikelin Mai Gwal

Ranar da kuɗin sallama suka shigo asusun tsohon ma'aikaci, masu ba da shawara ba sa ƙarewa a zaurensa. Wannan ya ce fili, wancan ya ce a sayi Keke Napep a ba yaro. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙari: "Alhaji, sayi gwal ka ajiye." Iyayenmu mata dai za su yi dariya, don sun daɗe da sanin cewa sarƙa da awarwaro ba ado kaɗai ba ne, asusu ne da ake fasawa ranar da ta ɓaci.

Shawarar tana da tushe. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Wanda ya bar garatutinsa a banki yana zaune kuɗin suka zube masa daraja, alhali mai gwal bai ji zafin ba, saboda da dala ake yanke farashinsa a duniya. Ga shi oza ɗaya, wato giram 31.1, ta wuce dala 2,000 a 2020, ta kuma tsallake 4,000 a Oktoban 2025.

Sai dai masu tallar ba sa faɗin sauran labarin. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850, daga nan ta faɗi, ba ta sake ganin wannan farashi ba sai 2008. Shekara 28 ke nan. Wanda ya ajiye aiki yana da sittin a lokacin, sai ya kai tamanin da takwas kafin dalarsa ta dawo. Haka daga kusan 1,900 a 2011 ta gangaro wajen 1,050 a ƙarshen 2015. Saurayi zai iya jira. Dattijon da ke sayen maganin hawan jini duk wata fa?

A ganina babbar matsalar ma ba faɗuwar farashi ba ce. Gwal ba tunkiya ba ne, ba ya haihuwa. Gidan haya yana kawo kuɗi, gona tana kawo hatsi, shi kuwa yadda ka ajiye shi haka za ka tarar da shi, kuma ba za ka ci ba sai ka gutsura ka sayar.

Wajen sayarwar ne ake gane bambancin kasuwa da lissafin baka. Ka shiga layin masu gwal a Sabon Gari ta Kano ka tsaya ka kalla. Mai shago zai karɓi sarƙar, ya juya maƙullinta ya duba hatimi: 750 na nufin karat 18, kashi 75 cikin ɗari ne zinare, 875 kuma karat 21. Ya goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya cire nauyin duwatsun ado, sannan ya ɗora a ɗan sikeli. Kuɗin ƙirar da aka caje ka ranar saye, ko sisi ba zai dawo ba. Shi ya sa mai niyyar ajiya ya fi dacewa da sulalla ko ɗan curi mai karat 24 da rasidi, ya bar wa amare zanen Dubai. Mai gudun ɓarawo kuma yana iya sayen hannun jarin gwal na NewGold, wanda ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ta Legas tun 2011.

Ga kuma zakka, wadda mutane ke mantawa. A mazhabar Malikiyya gwal ɗin da mace ke sawa don ado ba a fitar masa, amma wanda aka ajiye don gobe, in ya kai nisabi, wajen giram 85, ana fitar da ɗaya bisa arba'in duk shekara. Mai giram 200 zai ba da giram 5 a shekarar farko, kuma in ba shi da wata hanyar samu, daga jikin curin zai yanko.