Daga Kure zuwa Gadabeji: aikin binciken namun daji na jiran ɗaliban Nijar

A shekarar 1996, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, adadinsu ya haura 600. Ba daga sama ake samun wannan lissafi ba. Kowane raƙumin dawa yana da zanen fata nasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa. Sai an bi daji an ɗauki hotonsa dama da hagu, a gwada da na bara, kafin a san wanda aka haifa da wanda ya mutu.

A Nuwamba 2018 aka kwashe takwas daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji, a jihar Maraɗi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gandayenta a 2017. Ga ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai neman taken kundin masta, wannan abu ne a bakin ƙofa: me suke ci idan rani ya yi tsanani, yaya suke zama da garken makiyaya? A Kure kuwa, manoma sun daɗe suna kukan ɓarnar wake da mangwaro, kuma wanda ya ji yaren manomi shi zai fi jin gaskiyar kukan. Abin takaici, tun harin 9 ga Agusta 2020 da ya ci rayukan Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, baƙi sun ja baya daga yankin.

Ƙofofin karatu akwai su. Makarantar horon ma'aikatan gandun daji ta Garwa, a Kamaru, tana karɓar ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Jos, cibiyar APLORI tana ba da masta kan kare halittu, amma da Turancin Ingilishi ake karatun. Gidauniyar Rufford ta Ingila tana ba da ƙananan tallafi na aikin daji. Su ma ba sa duban takarda kaɗai, suna so su ga abin da mutum ya taɓa yi da ƙafarsa.

A nan salula ke shigowa. Da manhajar iNaturalist, matashi zai ɗauki hoton shamuwa a Tasawa ko agwagin ruwa a tafkin Madarumfa, ya tura da rana da wuri, masana su tabbatar da sunanta. Kyauta ne, ban da kuɗin intanet. Ɗan ci-rani a Legas ko Aljeriya ma yana iya taimakawa wajen tantance hotunan gida. Kowane Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, kuma tafkunan Nijar suna da yawa, masu ƙirga ne suka yi kaɗan.