Rambut a Likkafa: Haɗarin da Masu Muhawarar Kilisa Ba Su Duba Ba

Duk lokacin da aka ji labarin doki ya ji wa wani yaro ciwo a wurin kilisa, muhawarar da ke biyo baya a gidajen rediyo da Facebook iri ɗaya ce. Wasu su ce a haramta kilisar baki ɗaya, wasu su ce al'ada ce ba mai taɓa ta, 'yan sanda kuma su fitar da sanarwa. Ana maganar sukuwa a kan kwalta, ana maganar 'yan daba da ke fakewa da hawa, kuma duk gaskiya ne. Amma ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da mahayin ya sa a ƙafarsa ba. Ku koma ku kalli hotunan hawan angwanci na damina da kyau. Sama alkyabba da rawani, ƙasa kuwa rambut, takalmin robar nan na shiga fadama, an cusa shi cikin likkafa da ƙyar.

Na ga abin da wannan ke jawowa da idona, a wani fili a bayan gari, bayan an ɗauke ruwan la'asar. Wani saurayi da bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya hau dokin haya. Babur ya gifta, doki ya yi tabarya, yaro ya zame ta gefe. Faɗuwa ce da ya kamata ta ƙare da kakkaɓe riga, sai dai ƙafarsa ta hagu ta ƙi fita. Dokin ya ji abu na reto a gefensa, ya ƙara firgita, ya ja shi a ƙasa kai na bugun burji, har sai da Allah ya sa ƙafar ta zare daga cikin takalmin. Da aka kamo dokin, rambut ɗin na nan maƙale a likkafa. Mutanen wurin suka yi ta cewa dokin ne mai tutsu. Ba wanda ya kalli takalmin.

Bayanin gajere ne. Likkafa na son takalmi mai ƙasa sumul da 'yar dunduniya: dunduniyar ta hana ƙafa zarcewa ciki, sumul ɗin ya bar ta ta fito idan an faɗi. Rambut kuwa an yi masa zane mai zurfi a ƙasa don ya kama taɓo, kuma abin da ya kama taɓo zai kama ƙarfe. Ga faɗi, ga sakwaf-sakwaf a idon sawu, ga roba mai lanƙwasa da ke cusuwa ta ƙi fitowa. Wannan ne ya sa makarantun koyon hawa a Ingila da yawansu ba sa barin ɗalibi ya hau da shi. Silifa da kambas nasu haɗarin ta ɗaya gefen yake, ba su da dunduniya, ƙafa na iya zurmawa har idon sawu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan takalmi asalinsa na hawa ne. Turawa na kiransa da sunan Welintan, sarautar Arthur Wellesley, janar ɗin Ingila da ya ci Napoliyon da yaƙi a Watalu a 1815. A farkon ƙarni na 19 ya sa mai yi masa takalma a Landan, George Hoby, ya gyara masa samfurin dogon takalmin sojan doki da ake yayi a lokacin, a cire adon, a matse shi ya kama ƙwauri. Da fatar maraƙi mai laushi aka yi shi, da gajeriyar dunduniya. Roba ta shigo daga baya, bayan Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar hanyarsa ta dafa ɗanyen roba da farar wuta a 1844. A 1853 Hiram Hutchinson ya kafa kamfanin Aigle a Faransa yana yi wa manoma takalman roba, a 1856 kuma aka kafa wani a Edinbara ta Sikotilan, wanda a yau ake sani da Hunter. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin na Edinbara ya yi wa sojojin Birtaniya sama da ƙafa miliyan ɗaya don zaman ramuka masu ruwa. Tun daga nan sunan ya bar mahayi ya koma kan manomi da lebura. Suna ɗaya, aiki daban.

To, su Turawa sun raba abin gida biyu, na gona daban, na hawa daban, har ma akwai takalmin hawa na roba, siriri mai ƙasa sumul, mai araha, wanda ba ni da ja a kansa. Mu kuma fa? Nan ne abin ke yi mini ciwo, domin ba mu da uzurin cewa ba mu gaji abin ba.

Ƙasar Hausa ta san doki tun kafin a haifi kakan Welintan. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Mutanen da suka yi tunanin kare ƙirjin doki da kan barde shekaru ɗari shida da suka wuce ba su manta da ƙafa ba. Akwai kurufa, dogon takalmin fata na mahaya da ke hawa har gwiwa, wani ma ya wuce, wanda dukawa ke ɗinkawa daidai ƙafar mai shi. Yana kare ƙwauri daga ƙaya da gugar igiyar likkafa, ƙasansa kuma ba shi da abin da zai maƙale. Maƙera su ma sun yi nasu: likkafar gargajiya mai faɗin ƙasa ce, wadda tafin ƙafa ke zama a kanta gaba ɗaya, ba siririn ƙarfen sirdin Bature ba. Baduku da maƙeri da mai sirdi sun san aikin juna, kowanne na yin nasa da sanin inda na ɗan'uwansa zai zauna. Fatar kuwa ba a magana. Jar fatar akuyar Sakkwato ce fatake ke ƙetara Sahara da ita, ta isa Turai da sunan fatar Maroko, alhali a majemunmu aka jeme ta. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalman birnin ke tafiya ƙasashe masu nisa. Har yau akwai unguwar Dukawa a cikin birni, har yau ana sayar da kayan doki a kasuwar Kurmi.

Amma ku je ku tambayi irin abin da ake saye. Ado ne: jalala mai kyalli, tunjimi, kayan kai masu walwali da za su fito a hoto. Kurufa ya koma kayan hakimi da 'yan tawagarsa, a ɗauko shi ranar hawa a mayar akwati sai baɗi. Yaron da ke son doki da gaske, wanda ke tara kuɗin haya duk Juma'a, bai ma san sunansa ba. Dattawan da suka iya yanka shi suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma ɗinkin jaka da filo don nan kasuwa take, kuma ba na ganin laifinsu.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. An yi murna, ni ma na yi. Sai dai da yawanmu mun ɗauki abin kamar kambun gasar kwalliya. Wancan jeri an yi shi ne don al'adu masu rai, wato sani da sana'ar da ake miƙa wa na baya. Idan jikan baduku bai iya kurufa ba, idan jikan barde bai san yadda ake auna likkafa ba, me muka ce za mu adana? Hawan Daushe na rana ɗaya ne, amma ilimin da ke riƙe da shi a barga da rumfar baduku yake kwana.

Kada a fahimce ni a baibai, rambut na da wurinsa a harkar doki. Mai share barga da damina, mai wanke doki, mai yankan ciyawa a fadama, duk suna bukatarsa, ko da yake ba zai hana kofaton dabba mai nauyin sama da kilo 300 murƙushe yatsa ba. Matsalar ita ce yaron da ya gama sharar shi ne zai ɗare doki ya kai shi shan ruwa ko motsa jiki, da takalmin da ke ƙafarsa. Haka 'yan hawan Sallar Gani a Daura, wadda a 'yan shekarun nan take faɗowa cikin damina, da abokan ango da ke tsoron laka ta ɓata musu ƙafar wando. Ga wani ƙarin haɗari: sirdin Bature na da ƙugiyar da igiyar likkafa ke iya zamewa daga ciki idan an ja ta baya, har akwai likkafar yara mai gefen roba da ke ɓallewa. Amma a yawancin siradan hayar da ake yawo da su a garuruwanmu ɗaure igiyar ake yi tamau, likkafar kuma ko wace aka samu a kasuwa. Idan ƙafa ta maƙale, ba abin da zai saki.

Saboda haka ina tambayar masu bayar da hayar dawaki: ku da kuke karɓar kuɗin yaro, me zai hana ku dubi ƙafarsa kafin ku miƙa masa linzami? Ajiye takalman hawa ƙafa uku ko huɗu a barga bai kai kuɗin dusar wata ɗaya ba a wurin mai dawaki goma. Ina tambayar masarautu, masu Shamaki da Madawaki, sarautun da doki ne tushensu: yaushe za a tara matasan unguwanni kafin Sallah a koya musu ɗaura majayi da zaɓen likkafa? Ƙungiyoyin folo na Kaduna da Katsina da Kano ba sa barin ɗan wasa ya shiga fili ba takalmi da hular kwano, ilimin na hannunsu, amma ya tsaya a bayan shingensu. Hukumomi kuma, sanarwar hani ta fi komai sauƙin rubutawa, kuma kun ga ba ta hana yaran hawa, sai dai ta kora su bayan gari inda ba babba ko ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a rumfunan manyan baƙi ranar hawa, a ɗan gutsura a ba dukawa kwangilar kurufa mai sauƙin kuɗi, a sayar wa matasa.

Kafin a kai ga wannan, iyaye, ga abin da za ku iya yi da kanku. In ɗanku zai hau, ku sa ya zura ƙafa a likkafa tun doki na tsaye, wani na riƙe da ragama. Ku gwada sa yatsa tsakanin takalmin da ƙarfen ta kowane gefe. In yatsa bai shiga ba, ko kuma ya ja ƙafar baya ta yi gardama, ya sauko ya sake takalmi ko a sake likkafa.