Yadda sojan Amurka ke fara jarin gidajen haya da bashin da gwamnati ta tsaya masa

A garuruwan da ke kewaye da manyan barikokin soja na ƙasar Amurka, irin su Killeen ta jihar Texas da Fayetteville ta Karolina ta Arewa da kuma Norfolk ta jihar Bajiniya, akwai wata hanyar neman arziki da ta daɗe da samun karɓuwa a wurin ƙananan hafsoshi da masu igiya. Soja kan sayi gida mai sassa biyu zuwa huɗu, ya zauna a sashe ɗaya da iyalinsa, ya ba da sauran haya, kuɗin hayar kuma ya riƙa biyan bashin gidan. Zaman maigida tare da 'yan hayarsa a gida ɗaya ba baƙon abu ba ne ga mutanen Nijeriya. Abin da ya bambanta shi ne, sojan na iya shiga wannan harka ba tare da ya ajiye ko dala ɗaya ta kafin alƙalami ba.

Tushen al'amarin wata doka ce da Shugaba Franklin Roosevelt ya sanya wa hannu a ran 22 ga watan Yuni na 1944, domin tallafa wa sojojin da za su komo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Bisa tsarin da dokar ta kafa, Ma'aikatar Kula da 'Yan Mazan Jiya, wadda aka fi sani da VA, ba ita ke ba da bashin ba. Bankuna da kamfanonin jinginar gidaje ne ke bayarwa, ita kuwa ta tsaya wa sojan a kan kashi 25 cikin ɗari na kuɗin. Wannan lamuni ne ya sa banki ke yarda ya biya farashin gidan dukkansa, ya kuma yafe inshorar jingina da ake ɗora wa farar hula masu ƙaramin kafin alƙalami. Sojan da ke bakin aiki kan cancanta da zarar ya cika kwana 90 a jere, kuma tun daga 1 ga Janairu na 2020 aka cire iyakar adadin bashin ga wanda bai taɓa amfani da haƙƙinsa ba, sai dai iyakar da bankin da kansa ya ga zai iya biya.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Gidan ba zai wuce sassa huɗu ba, domin daga biyar zuwa sama bankuna na ɗaukarsa a matsayin kadarar kasuwanci mai nata bashin daban. Wajibi ne mai saye ya tare a ɗaya daga cikin sassan, galibi cikin kwana 60, kuma sa hannu a kan niyyar zama alhali babu ita laifin zamba ne a dokar tarayya. Idan yana son a lissafa kuɗin hayar da ake sa ran samu a cikin abin da yake samu, banki kan ƙirga kashi 75 cikin ɗari ne kawai, sa'an nan ya nemi ganin ajiyar da za ta biya bashin na wata shida, da kuma shaidar cewa mutumin zai iya riƙe 'yan haya. Nan ne maganar shiga da hannu wofi take fara raguwa, domin kurtun da ba shi da ajiya ba zai tsallake wannan mataki ba.

Akwai kuma kuɗin rajista da ma'aikatar ke karɓa sau ɗaya. A ƙa'idar da ta fara aiki a watan Afrilu na 2023, kashi 2.15 cikin ɗari ne ga mai amfani da tsarin a karo na farko ba tare da kafin alƙalami ba, kashi 3.3 kuma daga karo na biyu. An yafe shi ga masu karɓar diyyar naƙasa da suka samu a bakin aiki. Yawancin masu saye kan ɗora shi a kan bashin, wato tun ranar da aka ba su mabuɗi ana bin su fiye da darajar gidan.

Ƙafa ta biyu da harkar ke tsaye a kanta ita ce alawus ɗin gida. Sojan da ke zaune a wajen bariki na karɓar wannan kuɗi kowane wata gwargwadon muƙaminsa da garin da yake aiki da kuma ko yana da iyali, ba a cire masa haraji, ba a kuma tambayarsa yadda ya kashe shi.

A ɗauki misalin saje da ya sayi gida mai sassa huɗu a kan dala 400,000. Kuɗin rajista dala 8,600 zai kai bashin dala 408,600. Idan ruwan kashi 6.5 cikin ɗari ne na shekara 30, biyan kowane wata zai kama dala 2,580, in kuma aka ƙara harajin gida da inshora na kamar dala 700 ya zama 3,280. Sassa uku a kan dala 900 kowanne za su kawo 2,700. Sajen zai cika dala 580 daga alawus ɗinsa, ragowar ta zama tasa. A wannan lissafi babu wanda zai ce bai ci riba ba.

Sai dai soja ba shi ke zaɓar inda zai zauna ba. Bayan shekara biyu ko uku takardar canjin wurin aiki za ta iso, wataƙila zuwa Jamus ko Koriya ta Kudu, alawus ɗin kuma ya bi shi can domin biyan sabon mazauni. Daga ranar gidan zai ɗauki kansa da kansa. Sassa huɗu za su kawo dala 3,600, amma wakilin da zai kula da gidan zai ɗauki kamar kashi 10 cikin ɗari, gyare-gyare da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa su ci wani kashi 10. Abin da zai rage dala 2,880 ne, ana kuwa neman 3,280. Gidan da ya yi kama da riba ya koma cin dala 400 kowane wata daga albashin mutumin da ke wata nahiya. Saboda haka lissafin da ya kamata a yi kafin sa hannu shi ne na ranar tashi.

Yawan kuɗin ruwa na da babban tasiri a nan. A farkon 2021 ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, a watan Oktoba na 2023 kuwa ya kusa kaiwa kashi 8. Bashin sajen nan a kan kashi 3 zai tsaya a dala 1,720 a wata, bambancin dala 860 ke nan. Yawancin labaran nasara da ake bayarwa na waɗanda suka saya a shekarun araha ne, kuma kuskure ne sabon shiga ya auna kansa da su.

Garin bariki ma yana da nasa haɗarin. 'Yan hayar yawanci sojoji ne, masu albashi tabbatacce, amma dokar kare haƙƙin sojoji ta 2003 ta ba su ikon warware yarjejeniyar haya idan aka canja musu wurin aiki ko aka tura su wani aiki na kwana 90 ko fiye. Haka kuma kasuwar garin kacokan ta dogara ne ga shawarar Ma'aikatar Tsaro. An yi zagayen rufe barikoki har sau biyar tsakanin 1988 da 2005, ciki har da babban barikin Fort Ord na Kalifoniya da aka rufe a 1994. Bayan faɗuwar kasuwar gidaje ta 2008 ma, sai da majalisar dokokin ƙasar ta faɗaɗa wani shirin agaji a 2009 domin sojojin da canjin wurin aiki ya tilasta wa sayar da gidajensu da asara. Ga soja, kasa biyan bashi ya wuce batun kuɗi, domin yana iya jawo masa rasa izinin ganin takardun sirri, wanda ayyuka da dama ba sa yiwuwa sai da shi.

Wanda gidansa ya tsallake wannan gwaji yana iya riƙe shi, ya yi amfani da ragowar lamuninsa ya sayi wani a sabon garin, ko da yake a wannan karo akwai iyaka ga abin da gwamnati za ta tsaya masa, kuɗin rajistar ma ya ƙaru. Dokar haraji ta yarda mai gidan haya ya riƙa rage darajar ginin daga kuɗin da za a yi masa haraji a tsawon shekara 27 da rabi. In kuma ya zaɓi sayarwa, mai saye na iya gadar bashin da tsohon ruwansa idan ya cika sharuɗɗan banki, amma lamunin mai sayarwa zai ci gaba da zama a ɗaure da gidan har a gama biya, sai fa idan mai sayen shi ma soja ne da ya maye gurbin da nasa.