Idan 'Yar Mesa Ta Amayar Da Abincinta

A ƙasashen Turai da Amurka, inda kiwon maciji cikin akwatin gilashi ya zama sha'awar jama'a da dama, macizai kaɗan ne suka kai wata ƙaramar mesa farin jini, wadda ke dunƙulewa wuri guda idan ta tsorata, wadda kuma asalinta Afirka ta Yamma ne, domin daga Togo da Benin da Gana ake fitar da 'ya'yanta dubbai kowace shekara. Akwai daga cikinsu waɗanda, bayan sun tsira daga wahalar hanya, suke halaka a hannun mai ƙaunarsu, sanadin kuwa bai wuce wannan ba: 'yar mesa ta haɗiyi ɓera, ta amayar da shi, tausayi ya kama ubangidanta, ya gaggauta miƙa mata wani.

Wanda ya fahimci hikimar da Allah Ya sanya a cikin wannan halitta ba zai yi wannan gaggawa ba. Masana biyu, Stephen Secor da Jared Diamond, sun bayyana a shekarar 1998, bisa binciken da suka yi a kan mesar Bama, cewa cikin mesa a lokacin da ba ta ci kome ba kamar murhu ne da aka kashe wutarsa, amma da zarar ta haɗiyi abinci sai tumbinta ya kwararo da ruwa mai tsananin tsami wanda ke narkar da ƙashi, hanjinta ya ƙara nauyi, numfashinta ya ninku ninkin ba ninkin. To, idan abincin ya dawo waje bayan an yi duk wannan ɗawainiya, ta yi hasarar ƙarfin da ta kashe, ta yi hasarar ruwan jikinta, ruwan tsamin nan kuma ya ƙona mata maƙogwaro a hanyar fitarsa. Ga babbar mesa wannan illa ce mai wucewa, amma ga jaririyar da ba ta tara kitse ba, sau biyu ko uku a jere na iya zama ajalinta.

Dalilan aman sanannu ne, kuma galibinsu daga mai kiwo suke. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga muhallinsa yake samu, saboda haka idan gefen akwatin mai ɗumi bai kai wajen digiri 31 ko 32 ba, abincin kan fara ruɓewa a cikin 'yar mesar tun kafin ya narke. Haka nan idan ɓeran ya fi tsakiyar jikinta kauri ainun, ko aka ɗauke ta ana wasa da ita kafin awa 48 ta cika da cin abinci, ko ta rasa maɓoya, domin ɗabi'arta ce ta zubar da nauyin cikinta idan ta ji barazana, don ta sami damar gudu.

Abin da ya wajaba shi ne a share akwatin, a zuba mata ruwa mai tsabta, a gwada zafin wurin da ma'auni, sa'an nan a ƙyale ta kwana 14 ba ci ba taɓawa. Wannan jira shi ya fi yi wa mai kiwo nauyi, alhali kuwa maciji ya fi jure yunwa nesa ba kusa ba a kan jure amai na biyu. Bayan haka a ba ta jinjirin ɓera, kimanin rabin abin da ta saba ci, in ya zauna a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa haƙƙin dabbar da aka tsare yana wuyan mai tsaronta, kuma a ganina magani yana cikin wannan haƙƙi. Don haka idan ta sake amai, ko tana ramewa, ko tsakiyar cikinta ya kumbura ya yi tauri, wanda alama ce ta wata ƙwayar cuta da ake kira Kiriftosiforidiyam, to kada a tsaya gwaje-gwaje a gida, a ɗauki kashinta da abin da ta amayar, a kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san macizai.