Ranar da Waƙar Disko ta Sa Baba Ya Tuna da Ni

Uwargida, in kina da tsoho a gida wanda ya fara yi miki tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, matso kusa mu yi magana.

Mahaifina tsohon malamin makaranta ne a nan cikin birnin Katsina. Shekara uku ke nan da likita ya tabbatar mana yana da ciwon mantuwa. Abin ya fi tsananta da la'asar sakaliya: sai ya ɗauki hula ya nufi zaure, wai ɗalibai na jiransa. Aikin jinya nake yi, na san rikicewar yamma sananniyar aba ce ga masu wannan ciwo. To amma sani daban, ki ga mahaifinki na kallonki kamar baƙuwa daban. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka tun ina goye "Uwata" yake kirana. A hankali ya daina.

Wata yamma 'yar yayata na zaune a tsakar gida tana latsa TikTok, sai wani kiɗa ya tashi. Baba, da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a takalmi, ya tsaya cak. Ya koma kan tabarma, yatsunsa na buga gwiwa daidai da gangar. Ya ce, "Boney M ke nan." Daga nan ya shiga ba mu labarin yadda shi da abokinsa suka haɗa kuɗi suka sayi kaset ɗin a Sabon Garin Zariya suna ɗalibai, har da sunan mai shagon. Mama ta rufe baki da mayafi tana dariya: "Malam, ka gaya musu wandon nan mai faɗin ƙafa da sumar da ka tara." Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Uwata, kar ki biye mata."

Ɗaki na shige na yi kukana.

Ƙila ki yi mamaki, dattijo mai gemu da carbi ina ya haɗu da disko? Ai mun manta su ma sun yi samartaka. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1978 yanzu ya doshi 70. Lokacinsu ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ƙananan ma'aikata suka iya sayen rikoda. Katsina na cikin jihar Kaduna a lokacin, sai 1987 aka ba ta jiha, kuma samari na kai da komo tsakanin nan da Zariya da Kaduna, suna dawowa da kaset a aljihu. Boney M ƙungiya ce da wani Bajamushe, Frank Farian, ya haɗa da mawaƙa 'yan asalin tsibiran Karibiyan. Waƙar da ta tsayar da Baba, "Rasputin", ta fito a 1978, kuma TikTok ta sake tono ta a 2021. Akwai ABBA 'yan Suwidin, da Bee Gees na fim ɗin Saturday Night Fever na 1977, da Michael Jackson da kundinsa Off the Wall na 1979. Duk da haka ba su yar da nasu ba. A kwali ɗaya za ki tarar da ABBA kusa da Shata da Ɗanmaraya Jos da waƙoƙin Indiya, da biro a gefe na naɗe zaren kaset don kar batir ya ƙare.

Me ya sa ya tuna waƙa bai tuna abin da ya ci da safe ba? Ciwon mantuwa, musamman nau'in da ake kira Alzheimer, yakan fara cin sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu. Tsohuwar ajiya takan jima, kuma waƙar da mutum ya saba da ita tana warwatse ne a wurare da yawa na ƙwaƙwalwa, haɗe da motsin jiki da abin da zuciya ta ji a lokacin. Abin da aka ji tsakanin balaga da shekara 30 shi ya fi kama ƙasa. Shi ya sa za ki ga tsohuwar da ba ta gane jikokinta tana kawo Ishiriniya ko surorin da ta hardace a allo ba tuntuɓe.

Na san wata za ta ce, ba gara a kunna masa karatu ba? Muna kunnawa, kuma shi ke kwantar da shi da asuba da bayan isha. Ba gasa ake ba. Kowace ta san gidanta da abin da zuciyarta ta natsu da shi. Ni ma ba kowace waƙar disko nake sa masa ba, don wasu in an fassara miki sai kin toshe kunnen yara. Abin nema shi ne sautin da naki tsohon ya tashi da shi, Shata ne, kalangu ne, ko Turawan nan.

Kada ki yi ta hasashe. Tambayi matarsa, ko ƙannensa, ko abokin da suka yi makaranta tare. Ki kunna ƙasa-ƙasa, kafin lokacin da ya saba rikicewa, ki kashe talabijin, ki zauna inda zai ga fuskarki. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. Kuma don Allah kar a mai da shi jarrabawa, ana "Baba, wa ya yi wannan? Ka tuna?" In ya kasa, kunya da fushi ne za su biyo baya. In kin ga ransa ya ɓaci ko hawaye sun ƙi tsayawa, kashe. Wata waƙar na tafe da mamaci.

Sai gargaɗin nas. Waƙa ba ta warkar da wannan ciwo, ba ta kuma maye gurbin maganin hawan jini ko na siga. In tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, wannan ba na waya ba ne, ba kuma na hayaƙi ba ne. Yana iya zama ciwon mafitsara, faɗuwar siga ko shanyewar ɓarin jiki. Asibiti, nan take.

Washegarin ranar nan Baba ya sake tambaya ta ko 'yar gidan wace ce ni. Na gaya masa. Da la'asar ta yi, Mama da kanta ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Sa masa mutanen nan nasa, kafin ya ɗauki hular."