Me Ya Sa Ake Kai Yara Wajen Jakuna a Ingila?

A 1969 Elisabeth Svendsen ta kafa gidan kula da jakunan da aka wulaƙanta a yankin Devon na Ingila. Daga baya ta buɗe ƙofarsa ga yara masu buƙata ta musamman.

Me ya sa jaki? Doki in ya tsorata sai ya zabura, jaki kuwa yakan tsaya cak, abin da mu muke kira taurin kai. Wannan natsuwa ce ke ba yaron da hayaniya ke firgitarwa damar matsowa. Ziyarar ba magani ba ce, amma tana da daraja: yaron da kullum ake yi wa hidima, ran nan shi ke taje gashin jaki, ya ja igiyarsa sannu a hankali.