Gari Ya Cim Ma Kwalta: Haɗarin Hanyar Abuja Zuwa Kano

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Zuba, kusa da Abuja, ta ratsa Kaduna da Zariya ta faɗa Kano, ya san ba wata hanya a Arewa da ta fi ta ɗaukar jama'a da kaya. Tsawonta kilomita 375 ne. Ta nan hatsi da tumatir da shanu su ke gangarawa Kudu, ta nan kuma man fetur da sauran haja su ke haurowa. Abin da mu ke so mu jawo hankalin masu karatu a kansa shi ne, an shirya hanyar ne don ta bi ta daji tsakanin gari da gari, amma yau garuruwan sun bunƙasa har sun cim mata. Nan ne tushen haɗari mai yawa.

Bari mu dubi yadda abin ya faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara da shekaru kuwa shi ke ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu. Da harkar jirgi ta ja baya, sai nauyin ya komo kan kwalta. A Disamba 1991 aka mai da hedkwatar ƙasa daga Ikko zuwa Abuja, zirga-zirga ta daɗa yawa. Jama'a kuma ba su tsaya ba. Ƙidayar 1991 ta sami mutum wajen miliyan 5.8 a Jihar Kano, ta 2006 kuwa ta sami miliyan 9.4. Mutanen nan dole su sami wurin zama da na sana'a, ga al'ada kuwa inda mota ke tsayawa nan ciniki ya ke. Saboda haka wurare kamar Tafa, da Mararrabar Jos, da Tashar Yari, da Kwanar Dangora, da Kura, suka cika da rumfuna da gidaje dama da hagun hanya. A Kwanar Gafan, lokacin tumatir, kasuwa har bakin kwalta ta ke ci. A Tafa da Mararrabar Jos tireloli da tankokin mai sukan jeru a kafaɗar hanya su kwana, su tsuke ta.

To, ga inda wahalar ta ke. Direba yana ɗauka kan babbar hanya ya ke, mutumin gari kuwa yana ɗauka ƙofar gidansa ce. Gida na wannan gefe, makaranta ko rijiya ko gona na wancan. Yaro mai shekara bakwai zai ƙetare sau biyu ko sau huɗu a yini, a gaban motar da ta taso daga Kaduna ba ta rage gudu ba.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowa ya sani. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin mita 14 a sakan guda. Mai gudun 100 tana cin mita 28. Direba mai hankali a jikinsa, kafin ya ga yaro ya ɗaga ƙafa ya taka burki, sakan guda ya wuce ko ya fi. Sa'an nan kuma, in an ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka burki yakan ninku sau huɗu. Watau mai gudun 100 bai fara tsayawa ba ya riga ya wuce wurin da mai gudun 50 ya kusa tsayawa cik. In tirela ce da lodi, ko taya ta suɗe, ko an yi ruwa, abin ya fi haka muni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 kowace shekara, shi ne kuma ya fi kome kashe yara da samari daga shekara 5 zuwa 29.

Ba dokoki muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idar hanya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce gudun 100 a tagwayen hanya, motar haya 90, tirela da tanka 60, cikin gari kuwa ƙaramar mota 50. Tun Fabrairu 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Jihar Kano ta kafa KAROTA a 2012, ta kuma hana acaɓa ɗaukar fasinja cikin birni a Janairu 2013. Aikin sake gina hanyar kanta an ba da shi a ƙarshen 2017, ko da ya ke ya yi ta jan ƙafa. Amma fa mu lura, kwalta mai laushi ba ta hana haɗari ita kaɗai. Da ramuka suka tafi, gudu ya kan ƙaru. A ƙarshen Mayu 2025 motar 'yan wasan Jihar Kano da ke komowa daga gasar ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, saura kaɗan su iso gida.

Me ya kamata a yi? Na farko, a yarda cewa duk inda gari ya cim ma hanya, dokar gari ce za ta yi aiki a wurin. A kafa allo tun daga nesa, a yi 'yan tudun rage gudu waɗanda injiniya ya auna aka shafa musu fenti, a sa fitilu, a gina gadar ƙetarawa daidai inda mutane suka saba ƙetarawa. In aka kai ta nesa, ba mai hawa.

Na biyu, a ja kasuwa da tasha baya. Wannan aikin Ƙananan Hukumomi ne tare da Hakimai da Dagatai da Sarakunan Kasuwa da na Tasha. A yanka wa manyan motoci fili na kwana, da ruwa da tsaro, don direban da aka kora daga kafaɗar hanya ba a ba shi madadi ba gobe zai komo. Sabuwar makaranta kuwa kada a yarda ƙofarta ta fuskanci kwalta.

Na uku namu ne, malamai da iyaye. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka mai tafiya a ƙasa ya bi gefen hagu, ya fuskanci motar da ke zuwa. Mai ƙetare tagwayen hanya ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, ya ƙetare zuwa tsakiya, ya tsaya, sa'an nan ya dubi dama. Duban gefe biyu lalle ne, domin masu bin hannun da ba nasu ba suna da yawa. Wannan darasi ba a allo ya ke shiga ba. A zana hanya a filin makaranta, yara su gwada har ya zama jiki, a kuma sa babba a bakin hanya lokacin tashi. Haka nan a gaya musu, in tankar mai ta faɗi a guje ta. A Majiya, Jihar Jigawa, a Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka hallaka wajen kwasar man da ya zube. In haɗari ya auku, lambar kiran jami'an hanya ita ce 122.

Fasinjoji ma da nasu laifin, gama sau da yawa su ke zuga direba, ko su yi shiru suna ganin yana gyangyaɗi. Mutanen da sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Garuruwan nan ba za su daina girma ba, ba ma kuwa fatan su daina. Abin da ya rage shi ne direba ya san in ya hango rumfuna ya shigo gidan mutane ne, ya sauke ƙafa.